Kantar kicin: yadda za ki gane wadda gyara zai ishe ta da wadda sai an sake

Idan uwargida ta fara ƙorafi a kan kantar kicin ɗinta, yawanci abin da ido ke gani ne ya dame ta: tabon manja da ya ƙi fita, shatin gindin tukunya, ko baki da ya ɓantare. Suna ɓata rai kam, amma ba su ke kashe kanta ba. Ruwa ke kashe ta, kuma ta ƙasa yake aikinsa, a gefen sinki da bayan famfo, wurin da sai a shekara ba a leƙa ba. Akwai kantar da fuskarta ta yi kaca-kaca da tabo alhali jikinta garau yake, wannan aikin yini ɗaya ce. Akwai kuma mai sheƙi wadda katakon da ke ɗauke da ita ya riga ya ruɓe, wannan ko nawa aka kashe wa fuskarta asara aka yi. Shi ya sa duba yake farawa daga ƙasa ya hau sama. A ƙarshensa ɗayan uku za ki yanke: a gyara wurin da ya lalace kawai, a sabunta fuskar baki ɗaya, ko a cire kantar a sa wata.

Mataki na farko: da me aka yi ta?

A gidajen Abuja za ki tarar da kankare da aka zuba da rodi aka manna tayil a kai, irin wanda ya yi yawa a Kubwa da Karu da Nyanya. Za ki tarar da allon MDF, wato niƙaƙƙen katako mai laushi da aka matse da gam, ko na garin katako da aka lulluɓe da fomaika, wanda masu gina rukunin gidaje a Lugbe da Lokogoma ke so saboda sauƙin kuɗinsa da saurin haɗawa. Sai dutse, giranit ko mabul. Sai kwaz, wato garin dutse da aka cuɗa da gam a masana'anta aka matse shi ya zama falle. A tsofaffin gine-gine kuma har yanzu ana ganin tarazo, wato siminti mai tsakuwa da aka goge ya yi sheƙi.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne tsakanin giranit da mabul, domin a bakin mutane duk dutse mai sheƙi mabul ne. Halinsu kuwa ya sha bamban. Mabul dangin farar ƙasa ne, yana da laushi, wuƙa tana karce shi, duk wani abu mai tsami kuma yana cin fuskarsa: lemun tsami, tsamiya, zoɓo, ruwan tumatir. Giranit ya fi ƙarfen wuƙa tauri, tsamin kicin kuma bai cika damunsa ba. Don ki tantance, nemi wani ɓoyayyen lungu, kamar bayan inda kike ajiye risho, ki ɗiga ruwan lemun tsami, ki bar shi minti biyar, ki goge. Idan wurin ya dushe ya rasa sheƙinsa, mabul gare ki. Tarazo ma haka yake yi, tunda tsakuwar mabul ce a cikin siminti.

Mataki na biyu: kwashe komai ki leƙa ƙasa

Nan ne aikin yake, kada ki yi masa gaggawa. Rufe tukunyar gas ki fitar da ita, ki kwashe tukwane da buhuna da robobin da aka cusa ƙarƙashin sinki. Da buɗe ƙofar kabad ɗin ki fara sauraron hancinki. Warin fumfuna ko na rima shaida ce cewa ruwa ya daɗe yana zama a wurin, ko da yau kin tarar da shi a bushe.

Sai ki ɗauki tocila ki haska cikin kantar daga ƙasa, musamman kewayen ramin da aka yanke don sinki da inda famfo ya ratsa. Idan allo ne, ki danna shi da bakin sukundireba. Lafiyayyen allo ba ya lotsawa. Wanda ya sha ruwa yana kumbura ya yi laushi kamar burodin da aka tsoma a shayi, wani lokaci har ya riƙa marmashewa a hannu. Abin da nake so ki riƙe game da MDF da allon garin katako shi ne, in suka kumbura ba sa komawa yadda suke, ko an shanya su a ranar watan Maris. Gam ɗin da ya riƙe garin katakon ya riga ya saki. Duk kafintan da ya ce zai danne shi ya shafa fenti, ɓoye miki ciwon kawai zai yi. Ki duba kuma ko akwai layin jar ƙasa da ya hau bango ko ƙafar kabad, wannan hanyar gara ce. Garin katako mai laushi da ya taru a lungu kuwa aikin ƙwaron da ke huda katako ne.

Idan kankare ne, abin nema shi ne tsatsa. Jan tabo a cikin silab ɗin, tsaga mai tafiya miƙe a kan layin rodi, ko ɓarɓashin siminti da ya zubo kan tukwane, duk suna nufin ruwa ya kai ga ƙarfen. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, saboda haka tana tura simintin har ya fashe daga ciki. In wuri ɗaya ne ƙarami, birkila zai fasa kewayensa, ya kankare tsatsar, ya shafa maganinta, ya cike da siminti mai ƙarfi. In kuwa rodi ya fito fili a wurare da yawa, ya sirance, silab ɗin kuma ya fara lanƙwasa a tsakiya, to maganar gyara ta ƙare.

Yanzu sai a gano ta ina ruwan ke shiga, domin duk gyaran da aka yi ba a toshe wannan ba, sai an maimaita shi. Goge ko'ina ya bushe, ki shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasan kabad ɗin. Gwaji uku za ki yi, ɗaya bayan ɗaya, kina duba jaridar a tsakani. Da farko ki toshe sinki, ki cika shi, ki sake ruwan lokaci guda. In jaridar ta jiƙe, matsalar tana mahaɗar bututu, aikin mai gyaran famfo ne. Na biyu, ki ɗebi ruwa a kofi ki bi gefen sinkin kina zubawa a hankali. In ya ɗiga ƙasa, silikon ɗin da ya haɗa sinki da kanta ya mutu. Na uku, ki zuba kaɗan a inda kanta ta haɗu da bango. Bayan haka ki bar busasshiyar jarida ta kwana, saboda wani yoyon ba ya fitowa sai an cika tanki ruwa ya yi ƙarfi a bututu. Idan duk wannan bai nuna komai ba amma bangon baya yana da sanyi da damshi, musamman a Agusta da Satumba lokacin da ruwan sama ya kankama, to daga waje yake shigowa, kuma a wajen za a tare shi.

Mataki na uku: tana tsaye da ƙafarta?

Ɗora tafin hannu biyu a bakin kantar ki danna. Kada ta motsa ko kaɗan. Zuba ruwa cokali biyu a tsakiya ki ga inda zai nufa. In kullum wuri ɗaya yake gangarawa ya kwanta, wurin ya lotsa. Ƙofofin kabad da a da suke rufuwa daidai yanzu suna gogar juna su ma alama ce. Dutse yana da nauyin gaske: giranit mai kaurin santimita 2 yana kai kilo 54 a kowace murabba'in mita, mai santimita 3 kuwa wajen kilo 80. Sau da yawa wannan nauyin a kan allon da ƙafarsa ke shan ruwan mofa kullum aka ɗora shi. In ƙafar ta ruɓe, dutsen zai tsage komai kyansa.

Mataki na huɗu: yanzu ki dubi fuskar

Ki wanke ta da sabulun wanke-wanke, ki bari ta bushe sarai, sannan ki kwantar da tocila a kanta hasken ya bi ta gefe. Karce da tsaga da kumburin da ba a gani da hasken ƙwan lantarki duk za su fito.

Mai kantar tayil ta ɗauki cokali ta bi tayil ɗin ɗaya-ɗaya tana ƙwanƙwasawa da gindinsa, tsakiya da kusurwoyi huɗu. Wanda ya kama sosai ƙararsa a dunƙule take. Wanda ya saki kuwa za ki ji shi fanko, alamar akwai rami a ƙarƙashinsa. Ki sa wa kowane irin wannan alama da alli. Sai ki bi layukan farin simintin da ke tsakaninsu da tsinken sakace. Inda ya zurma ko ya fito gari-gari, ta nan ruwan nama da na wanke-wanke ke shiga, nan kiyashi da kyankyasai ke samun gida. Wannan ya wuce maganar ado, tunda a kan wannan kantar ake murza fulawa ana yanka salak. A ganina, in tayil biyu ko uku ne suka saki kuma a wuri ɗaya suke, a canza su kawai. In kuwa alamun allin sun bazu ko'ina har sun kai kashi ɗaya cikin uku, a ɓamɓare duka a sake, domin sauran ma suna kan hanya.

Mai kantar dutse gwaji biyu za ta yi. Na farko, ki zuba ruwa kamar faɗin tafin hannu a kusa da sinki da kusa da wurin girki, ki bar shi minti 15, ki goge. In wurin ya yi duhu, dutsen yana shan ruwa, maganin toshe ƙofofinsa da aka shafa ya ƙare. Shi ya sa manja da man gyaɗa ke kama shi. Wannan ƙaramin aiki ne, sake shafawa kawai yake so. Na biyu, duk layin da kika gani ki ja farce a kansa. In farcen ya wuce sumul, jijiyar dutsen ce ta asali, ba abin damuwa ba. In ya maƙale, tsaga ce. Ki leƙa ƙasa ki ga ko ta ratsa har can. Tsaga ta fi son sirantaccen wurin da ke gaban sinki da bayansa, kuma galibi ɗayan uku ne ya jawo ta: an taka kantar don a ɗauko kaya a kabad na sama, an yi daka a turmi a kanta, ko an sari ƙashi a kai ranar layya.

Ki kuma rarrabe tabo da cin tsami, domin maganinsu daban ne. Tabo ya fi dutsen duhu, kuma in kin shafa sumul yake, wani abu ne ya shige ciki, ana iya zuƙo shi. Cin tsami ya fi dutsen haske, ya dushe, yana da ɗan kaushi a yatsa. Wannan fuskar ce ta cinye, ba sabulun da zai dawo da ita sai an goge da inji.

Mai fomaika ta duba gefuna da mahaɗa. Gefen da ya ɗago amma allon da ke ƙarƙashinsa a bushe yake, da tauri, gam kawai yake so. Kumburi a bakin sinki ko a mahaɗar allo biyu kuwa ruwa ne ya shiga. Ƙuna da yankan wuƙa masu zurfi ba sa goguwa, saboda kalar fomaika siririn shafi ce a sama, in aka sa samfefa baƙin cikinta ne zai fito. Kwaz ba ya shan ruwa, amma gam ɗin da ke jikinsa ba ya jure zafi. Tukunyar da aka sauke kai tsaye daga wuta tana bar masa rawayan shati ko fari, kuma wannan ba aikin gida ba ne.

Mataki na biyar: abin da za ki iya yi da hannunki

Silikon shi ne gyara mafi araha, kuma shi ya fi kowanne ceton kanta. A yanke tsohon duka da reza, a kankare saura, a goge da sifirit, a bar wurin ya bushe ƙwarai. Kada a ɗora sabo a kan tsoho, ba ya kamawa. A manna tef a gefe biyu don layin ya miƙe, a matsa silikon, a bi da jiƙaƙƙen yatsa sau ɗaya, a cire tef nan take. Sai a bar shi awa 24 ba ruwa. In dutsenki mabul ne, ki ce wa mai shago ba kya son mai warin tsami, domin irin wannan yana ɓata gefen mabul.

Tabon mai a dutse kuwa, a kwaɓa bekin soda da ruwa kaɗan ya yi kauri, a shafa a kan tabon da kaurin rabin santimita, a rufe da leda a manne gefunanta. Bayan kwana ɗaya a cire ledar, a bar kwaɓin ya bushe da kansa, domin a wajen bushewar ne yake jawo man. Tsohon tabon manja yakan so a maimaita sau biyu ko uku. In ya fita, sai a shafa maganin toshe dutse, in ba haka ba wani tabon zai maye gurbinsa.

Layukan tayil a ƙwaƙule tsohon simintin ya yi zurfi sosai, a share garin, a ɗan jiƙa ramin, a cusa sabo a danna shi ya cika, a goge saura da soso kafin ya sandare. Shafa sabo a saman tsoho ba ya wuce 'yan makonni. Gefen fomaika da ya ɗago, a kankare tsohon gam, a shafa Evo-Stik a fuska biyu, a jira kamar minti goma har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa a danne da ƙarfi. A buɗe taga, kuma kada a kunna wuta a kicin ɗin, domin tururinsa yana kamawa. Ƙaramin ɓantarewa a bakin dutse ana cike shi da gam mai haɗi biyu irin Araldite, in ya bushe a daidaita da reza.

Gargaɗi ɗaya da ba na so a wuce shi: wajen neman fitar da tabo, kada a taɓa haɗa ruwan bilic da maganin wanke masai ko wani abu mai tsami. Haɗin yana fitar da iskar kulorin mai illa ga huhu, kicin kuwa ɗaki ne ƙarami. Asid ɗin da masu tayil ke wanke siminti da shi ma kada ya kusanci mabul ko tarazo.

Mataki na shida: lokacin kiran mai sana'a

Sabunta fuska yana da amfani ne kawai idan matakai na biyu da na uku sun nuna jikin kantar lafiya lau. Ga mabul da giranit da tarazo, ana bin fuskar da faifan gurza masu lu'ulu'u, daga mai kaushi lamba 50 ana hawa har zuwa 3000, sannan a shafa maganin toshewa. Dutsen da ya shekara goma yana iya dawowa kamar sabo ta wannan hanya. Ga kankare, a ɓamɓare tsohon tayil a daidaita silab a sa sabo. A nan shawarata ki sayi tayil ɗin ƙasa mai tauri, mai santimita 60 kowane gefe, ba na bango ba. Na bango siriri ne, ba a yi shi don ɗaukar tukunya ba. Faɗin kanta kuma yawanci santimita 60 ne, saboda haka babban tayil yana rufe ta daga bango zuwa baki, layukan da datti zai maƙale su ragu. Ana kuma iya shimfiɗa fallen giranit a kan lafiyayyen silab. Ga allo, in kumburin a kewayen sinki kaɗai yake, a yanke wannan ɓangaren a canza shi da marin bod, wato allon siraran fallayen katako da aka manne, wanda ya fi MDF jure ruwa nesa ba kusa ba. A tabbata kafinta ya shafe bakin yankan da silikon ko fenti kafin ya zaunar da sinki. Yawancin ruɓewar daga wannan tsiraicin bakin take farawa.

Tsaga a dutse in ba ta motsi, gefunanta biyu kuma a lebur suke, mai dutse zai iya ɗura mata gam ya tokare ta daga ƙasa. In gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, ko tana buɗewa in an danna, sai an sauke fallen an gyara abin da ke ɗauke da shi.

Maganar ƙura tana da muhimmanci a wurina, saboda lafiyar yaran gida da ta shi kansa mai aikin. Ƙurar giranit da ta kwaz tana ɗauke da silika, wani sinadari na cikin dutse da yashi, wadda in ta shiga huhu ba ta fita, tana jawo ciwon da ba ya warkewa. Abin ya kai ƙasar Ostireliya ta haramta irin wannan haɗaɗɗen dutse na kwaz daga watan Yulin 2024, saboda yawan ma'aikatan da suka kamu. Kantar da ke zaune a kicin ba ta da wannan haɗarin, yanka da gurzawa a bushe ne matsalar. Ki ce wa mai aikin tun farko: "Malam, da ruwa za a yi gurzar nan, yankan kuma a waje." A fitar da kayan abinci, a rufe ƙofar da ke shiga falo, in an gama a goge da jiƙaƙƙen tsumma, kada a yi shara a bushe.

Kayan aiki akwai su a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, kafintocin kabad kuma suna da yawa a Kugbo, kan hanyar Nyanya. In tayil ɗaya ko biyu za a canza, ki ba maigida ɓallin tsohon ya tafi da shi, domin hoton waya yana sauya kala. Jerin aikin kuma kada a juya shi: mai famfo ya fara toshe yoyo, kafinta ko birkila ya gyara ƙasa, mai tayil ko mai dutse ya zo daga ƙarshe.

Wadda ke gidan haya ta ɗauki hoto da bidiyon duk abin da ta gani, ta tura wa mai gida ko wakilinsa a rubuce kafin a taɓa komai. Yoyon bututu da ruɓewar tsufa yawanci a wuyan mai gida suke, ƙuna da fashewar da aka jawo da hannu kuwa na ɗan haya ne, amma abin da takardar yarjejeniya ta ce shi za a bi. Hoton da aka ɗauka da wuri shi ke raba gardama ranar tashi, lokacin da ake maganar kuɗin ajiya.

Game da lokaci, aikin katako ya fi kyau bayan ɗaukewar ruwa, daga Nuwamba, sa'ad da allo da bango suka bushe. Sai dai ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen gam da silikon, don haka a rufe tagar da iska ke bugowa har su kama. Kada kuma a bari sai ana saura kwana uku Sallah ko biki, ba a fafe gora ranar tafiya. Sabon tayil yana son kwana biyu zuwa uku kafin a ɗora masa nauyi ko a jiƙa shi. Ki tanadi tebur a gefe da za ki yi girki a kai na waɗannan kwanakin.

In an gama, kada a biya cikon kuɗin nan take. Ku yi yarjejeniya tun farko cewa za a riƙe wani kaso sai bayan mako ɗaya. A cikin makon ki maimaita gwajin jarida sau biyu, ki sake bin sababbin tayil da gindin cokali, ki zuba ruwa a kan dutsen ki ga ko ya tsaya ƙwallo-ƙwallo bai shige ba. Duk inda ya gaza, ki sa masa alama da alli ki kira mai aikin ya dawo ya gyara kafin a sallame shi.